Shirin Tunkarar Annoba a Gundumomin Kiwon Lafiya na Jihar Tahoua: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ma'aikatan lafiya ne na jihar Tahoua ta ƙasar Nijar, tun daga babban likitan gunduma har majo, wato shugaban cibiyar lafiya da ake kira CSI, da wakilan lafiya na ƙauyuka. Na waɗanda ba su sa farar riga ne kuma, amma aikin bai yiwuwa sai da su: ƴan kwamitin COGES mai kula da tafiyar da cibiyar lafiya, ma'aikatar magajin gari, hakimai, limamai da malaman dabbobi. Tambayoyin irin waɗanda ake ji ne a tarukan gunduma.

Idan an ce kayan shirin annoba, magunguna ake nufi?

Magunguna na ciki, amma ba su ne kan gaba ba. Ana iya samun mangaza maƙil da kwalayen serom, kwalara ta yi ɓarna a ƙauye guda kafin labari ya iso kunnen mai riƙe da makulli. Kayan shiri na farko takardu ne da yarjejeniya tsakanin mutane. Akwai littafin SIMR na sa ido kan cututtuka, da takardar alamomin kowace cuta manne a bangon ɗakin duba marasa lafiya, da adadin da idan aka kai shi dole a yi shela. Akwai takardar jera sunayen waɗanda suka kamu, da taswirar ƙauyuka da rijiyoyi da kasuwanni, da lambobin wayar da aka tabbatar suna shiga. Sai a zo kan magani, man mota da kuɗi.

Ashe ba aikin Yamai ba ne da OMS, hukumar lafiya ta duniya? Me ya kai gunduma?

Yamai za ta zo, amma ba ranar farko ba. Daga Tahoua zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, daga Tassara ko Tiliya kuwa sai a ƙara doguwar tafiya cikin rairayi. Jihar na da gundumomin kiwon lafiya 13, kuma kowace ita ce ke riƙe da kwanakin farko da abin da ke hannunta.

A duba yadda allurar rigakafin gaggawa ke zuwa. Bayan mummunar annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 aka kafa kwamitin ICG a 1997, wanda ya haɗa OMS, UNICEF, ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa MSF da tarayyar ƙungiyoyin Croix-Rouge. Shi ke riƙe da rumbun allurar sanƙarau ta duniya, da ta shawara, da ta kwalara wadda aka fara ajiyewa a 2013. Ƙa'idarsa ita ce ya yanke hukunci cikin kwana 2 na aiki bayan samun cikakkiyar buƙata, allura kuma ta iso ƙasar cikin kamar mako guda. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce cikakkiya. Sai an nuna adadin waɗanda suka kamu mako-mako, da yankin da suka fito, da sakamakon gwajin da ya faɗi irin ƙwayar cutar, da tsarin yadda za a yi allurar. Duk waɗannan daga CSI da gunduma suke fitowa. Idan rajistar majo ba ta cika ba, buƙatar ƙasa gaba ɗaya ce ta gurgunce.

Shekarar 2015 ta koyar da wannan da zafi. An yi allurar MenAfriVac a Nijar a 2010 da 2011, nau'in A na sanƙarau ya kusan ɓacewa, mutane suka saki jiki. Sai nau'in C ya ɓullo, ya kama sama da mutum 8,000, fiye da 500 suka rasu, Yamai na cikin wuraren da suka fi shan wuya. Allurar da ke maganin nau'in C ta yi ƙaranci a duniya a lokacin, abin da ya samu kuwa sai da aka raba shi bisa alƙaluma.

Mene ne littafin SIMR, kuma dole ne a karance shi duka?

Shi ne jagoran sa ido kan cututtuka da mayar da martani, tsarin da ƙasashen Afirka na OMS suka amince da shi a 1998. Bugu na uku ya fito a 2019, kowace ƙasa kuma tana daidaita shi da halinta. Littafi ne mai kauri, kuma gaskiya ba wanda zai buɗe shi da tsakar dare yana riƙe da fitila. Jami'in sa ido na gunduma ya kamata ya san shi ciki da bai. Majo kuwa abu uku suka wajaba a kansa: alamomin da ake gane kowace cuta da su, jerin cututtukan da ake sanarwa nan take, da takardun cikewa. Waɗannan a ciro su, a kwafa, a sa cikin leda, a manna inda ake zama.

Rahoton mako kuma ana aika shi ko ba a ga kowa ba. CSI da ta rubuta sifiri ta ba da labari. Wadda ta yi shiru ba a san ko lafiya ce ko wayarta ce ta mutu ba.

Mutum nawa za su kamu kafin a ce annoba ce?

Ya danganta da cutar, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Akwai waɗanda mutum ɗaya ya isa a ɗaga waya a ranar, ba a jira rahoton mako: wanda ake zargin kwalara ce, yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, masassara mai zubar da jini, shawara, kurkunu. Babban mutum da zawo kamar ruwan shinkafa ya kashe cikin yini guda, wannan ba a cewa bari mu ga na biyu.

Ƙyanda, wadda da yawa a nan ke kira dusa: mutum 5 da ake zargi cikin wata ɗaya a gunduma ko a cibiya guda sun isa a fita bincike. Idan gwaji ya tabbatar da 3, annoba ce.

Sanƙarau shi ne mai lissafi. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka kai 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa. Idan aka kai 10, annoba ta tabbata. A yankin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum 2 a mako faɗakarwa ne, 5 kuma annoba, haka ma idan adadin yana ninkuwa cikin mako 3. Misali, CSI mai kula da mutum 50,000, marasa lafiya 2 a mako sun sa ta cikin faɗakarwa, 5 sun sa ta cikin annoba.

Ga tarkon. Gundumomi irin su Madawa, Ƙonni da Buza mutanensu sun ninka 100,000 sau da yawa. A ɗauka gunduma ce mai mutum 500,000, aka samu 20 a mako. Idan aka raba da jama'ar gunduma duka, 4 ne cikin 100,000, sai a ce faɗakarwa ce kawai. Amma idan 15 daga cikinsu daga yanki ɗaya suka fito mai mutum 40,000, wannan yankin ya haura 37 cikin 100,000, wato ya daɗe da wuce layin annoba ba wanda ya lura. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a yanka babbar gunduma ƙanana-ƙanana wajen lissafi. Yankawar kuma a watan Nuwamba ake yin ta, a rubuta adadin kowane yanki a allo, don idan ƙura ta taso kowa ya san lambar da yake tsoro.

Waɗanne cututtuka ya kamata gundumarmu ta sa a gaba?

Kowace gunduma ta zauna ta duba rajistarta ta shekara biyar ko goma. OMS na da wani tsari mai suna STAR da ake bi a jera haɗurra bisa yiwuwar aukuwarsu da girman ɓarnarsu da watan da suke zuwa. Ko ba kwamfuta ana iya yin sa da alli.

Kalandar jihar kuwa sananniya ce. Daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, lokacin ƙura da busasshiyar iska, sanƙarau da ƙyanda ne. Da saukar damina sai masassarar cizon sauro da zawo, sai kwalara a wuraren da ruwa ke kwanciya, musamman kwarin Magiya da garuruwan bakin iyaka. Kwalarar 2018 daga Madarunfa ta taso ta iso nan, ta 2021 kuma ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar, Tahoua na cikin jihohin da ta taɓa. Mashaƙo ma ya sake nuna kansa a 2023, inda yara suka tsallake rigakafi.

Arewa labarinta dabam. A watan Agusta na 2016 aka fara ganin mace-macen mutane da ba a gane ba a yankin Cintabaraden da Tassara, dabbobi kuma suna ta ɓari suna mutuwa. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar masassarar kwarin Rift ce, fiye da mutum 30 suka rasu, mafi yawansu makiyaya. Cutar na shiga mutum ta jinin dabba, da taɓa abin da ta ɓarar, da ɗanyen nono, da cizon sauro. Garke ne ya fara ba da labari kafin asibiti. Saboda haka gundumar Abalak ko Tiliya da ba ta da lambar malamin dabbobi cikin shirinta, shirin bai cika ba. Makiyayin da ya ce tumakinsa goma sun yi ɓari cikin mako guda rahoton annoba ya kawo, ko da shi kansa garau yake.

Ni majo ce a CSI ta ƙauye. Me ya kamata in samu a hannu kafin damina?

Hajiya, fara da SRO, wato ruwan gishiri da sukari. Cikin masu kwalara 10, kusan 8 ruwan gishiri da sukari kaɗai ke ceto su idan an fara da wuri, kuma inda ake kula yadda ya dace ba a rasa ko mutum 1 cikin 100. Sai serom na Ringer don waɗanda jikinsu ya bushe. A nan ki yi lissafi da kyau: babban mutum mai kilo 60 da ya zo a galabaice yana buƙatar lita 6 cikin awa 3 na farko. Idan ledarku ta rabin lita ce, leda 12 ke nan ga mutum ɗaya. Kwali biyu da ake gani kamar dukiya a kan kanta, dare ɗaya ne.

Sai garin kulor na HTH, da sanin yadda ake dama shi. Ƙarfi uku ne: 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na daɓe da gadaje da tufafi, 2 cikin ɗari na amai da zawo da gawa. Bokitai su zama launi dabam-dabam, a rubuta a jikinsu, don mai gadin da zai taya ki da dare kada ya wanke hannu da na gawa. Garin kuma zafi na cinye ƙarfinsa, kada a bar shi ƙarƙashin kwano a watan Afrilu.

Ki zaɓi wurin keɓewa tun yanzu, ki tsaya cikinsa ki duba. Ina ruwa zai fito? Ina masai? Ta ina masu jinya za su shiga ba tare da sun ratsa ɗakin haihuwa ba? Gadon kwalara ba sai an sayo ba. Kafinta na gari zai iya huda katako a tsakiya, a shimfiɗa leda mai kauri, bokiti ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefen kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na bazara kuma: allurar seftiriyazon, wadda ake yi kwana 5 lokacin annobar sanƙarau, da allurar ɗibar ruwan baya, da bitamin A na masu ƙyanda. Kayan ajiyar gaggawa ba a kulle su a manta. Wanda ya kusa lalacewa a yi aiki da shi, a mayar da sabo a gurbinsa.

Samfurin gwaji fa? Sau da yawa muna aikawa ba ma jin komai.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma gyaransa daga ɓangare biyu ne. Babban ɗakin gwaji na sanƙarau da kwalara shi ne CERMES a Yamai. Kafin samfuri ya kai can yana bin hannu uku ko huɗu, kuma a kowane hannu yana iya kwana.

Abin da ke wuyan mai aikawa shi ne ya san halin kowane samfuri. Ruwan baya da aka zuba cikin kwalbar Trans-Isolate ba ya shiga firigo, sanyi na kashe ƙwayar cutar. Kwalbar ana ajiye ta cikin sanyi ne kafin a yi aiki da ita, a fito da ita ta huce, a zuba, daga nan sai zafin ɗaki. Mutum mai kyakkyawar niyya kan dulmiya ta cikin ƙanƙara don kada ta lalace, shi ke nan ya ɓata ta. Kashin mai kwalara cikin kwalbar Cary-Blair ake sa shi. Na shan inna sau biyu ake ɗiba, a bar aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da sakin gaɓa, shi kuwa sanyi yake so. Kowanne a rufe shi ninki uku, takardarsa a cike, lambar da ke jikin kwalba ta zo daidai da ta rajista.

Abin da ke wuyan gunduma shi ne ta rubuta hanyar tun kafin buƙata: wa zai ɗauko daga CSI, da moton wa, man daga wane asusu, wace motar haya ke tashi Yamai da asuba, wa zai tarbe ta a tasha. Kuma sakamako ya dawo har ga wanda ya ɗiba. Majon da ya sha fama ya shawo kan uba ya yarda a soki bayan ɗansa, sa'an nan wata biyu shiru, ba zai sake wahalar da kansa ba.

Wa ke rubuta shirin, kuma shafi nawa ya kamata ya kai?

Tawagar gunduma ke rubutawa, kwamitin kula da annoba ya amince. Kwamitin nan galibi perefe ke shugabantarsa, ya haɗa lafiya, kiwo, ruwa, ilimi, tsaro, magadan gari da sarakuna. Matsalarsa ɗaya ce a wurare da yawa: ba ya zama sai an fara binne mutane.

Shiri mai shafi tamanin na masu ba da tallafi ne. Wanda zai yi aiki a ƙasa bai wuce ƴan shafuka ba, kuma kowane layi suna ne da aiki. "Za a wayar da kan jama'a" ba shiri ba ne. "Wane zai kira gidan rediyo, wance za ta ga liman kafin Juma'a" shi ne shiri. A sa mataimaki ga kowane suna, don annoba kan zo ranar da babban likita ke taro a Yamai.

Ba mu da kasafi. Ina kuɗin zai fito?

Kuɗin manya na zuwa daga baya. Wanda ke ceton rai ƙarami ne: man zuwa bincike, kiredin waya, abincin waɗanda za su kwana a wurin keɓewa. Ranka ya daɗe magajin gari, layi ɗaya cikin kasafin shekara ya isa wannan. COGES ma na iya amincewa a rubuce cewa majo zai taɓa wani adadi ba sai an kira taro ba, ya kawo rasit daga baya. Wasu gundumomin kan daidaita da mai gidan mai ya ba da bashi idan ta ɓaci.

Mutane kan ɓoye marasa lafiya. Yaya za a yi?

Suna ɓoyewa ne don dalili: tsoron kuɗi, tsoron a raba su da nasu, tsoron a hana su wankan gawa yadda addini ya tanada. Kowanne da amsarsa, kuma amsar tun kafin annoba ake ba da ita. Idan hukuma ta ce magani kyauta ne, mai shela ya faɗa a kasuwa da bakin da kowa zai ji, da Hausa da Tamashek da Fulatanci. Batun gawa kuma a zauna da limamai da masu wanka a natse, a nuna musu safar hannu da ruwan kulor, a yarda a kan yadda za a yi sutura ba tare da cutar ta bi masu rai ba. Abincin zaman makoki na cikin hanyoyin da kwalara ke yaɗuwa, wannan kuwa daga bakin liman ya fi shiga.

Kada a raina wanzami, ungozoma, boka da mai tallar magani a kasuwa. Su ke fara ganin mara lafiya. Uwar da ta ga maɗigar jaririnta ta kumbura yana ta kuka, wurin tsohuwar unguwa za ta fara zuwa. Idan tsohuwar nan na da lambar wakilin lafiya, an ci ribar kwana biyu.

Ƙonni da Madawa na bakin iyaka. Akwai abin da ya bambanta su?

Akwai. Tsakanin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato dangi ne ɗaya, kasuwa ɗaya, mara lafiya kan kwanta can ya zo jinya nan. Takardar hukuma tsakanin ƙasa da ƙasa tana da hanyarta, ta ƙarƙashin dokar lafiya ta duniya ta 2005, wadda ta ce a sanar da OMS cikin awa 24 bayan tantance lamarin. Amma jami'in sa ido na Ƙonni ya san takwaransa na tsallake, su riƙa gaisawa tun ana zaman lafiya. A takardar jera sunaye kuma a rubuta inda mutum ya kwana cikin makon da ya wuce, ba garin haihuwarsa kaɗai ba. Haka ma ƴan ci-rani masu dawowa gab da shuka.

Ta yaya za mu san shirinmu zai yi aiki?

A gwada shi. Ba sai da bita a otel ba. Babban likita ya kira wata CSI da safe ya ce gwaji ne, mutum uku sun zo da amai da zawo, a ga abin da zai faru. Nan za a gane makullin mangaza na aljihun wanda ya tafi suna, batirin motar marasa lafiya ya mutu, lambobi biyu cikin jerin na waɗanda aka canza wa wurin aiki ne tun bara.

Akwai kuma ma'auni mai sauƙin riƙewa da aka fito da shi a 2021, ana ce masa 7-1-7: a gano annoba cikin kwana 7 da ɓullarta, a sanar cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Bayan kowace annoba, komai ƙanƙantarta, a zauna a rubuta ranakun nan uku, a tambayi inda aka makara da dalili. Zaman ba na neman mai laifi ba ne. Da zarar ya zama haka, kowa zai gyara kwanan watansa, a tashi ba a koyi komai ba. Gundumar da ke da wanda ya yi horon binciken annoba na FETP na wata 3, shi ya dace ya ja wannan zama.

Inda ba rezo ba lantarki fa?

DHIS2, manhajar aika alƙaluman lafiya, da waya suna sauƙaƙa aiki, amma takarda ce ginshiƙi. Kowace CSI ta ajiye kwafin takardun da ba a cike ba, ta san tudun da ake hawa a samu rezo, ta san direban da ke bi ta wurin ranar kasuwa. Firigon allura kuwa tsakanin digiri 2 da 8 ake son sa, a duba safe da yamma a rubuta, kuma a san CSI mafi kusa da za a kai allurar idan ya tsaya.

Yaushe ake sabunta shirin?

Sau biyu a shekara: Nuwamba kafin sanƙarau, Mayu kafin ruwa ya yanke hanyoyi. Na Mayu ya fi gaggawa ga ƙauyukan da ƙorama ke rufewa, don kayansu dole su isa kafin ruwan farko. Sai kuma duk lokacin da aka yi canjin ma'aikata: sabon majo ya karɓi jerin lambobin waya da makullin kayan gaggawa a ranar da ya karɓi hatimi, ya kira kowace lamba ya ji wanda zai ɗauka.